Tambayoyi da amsoshi kan tsarin aji da gado wajen gina kompaila

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin masu koyon rubuta manhaja, musamman ɗaliban da suka ɗauki gina ƙaramin yaren kwamfuta a matsayin aikin kammala karatu. Na tattara su wuri guda, na fara da masu sauƙi. Misalan sun fi karkata ga Java da C++, domin a nan ne tsarin aji da gado ya fi zama da gindinsa.

Mece ce kompaila, kuma me ya haɗa ta da tsarin obijek?

Kompaila manhaja ce da ke karɓar abin da mutum ya rubuta da yare irin C ko Java, ta mayar da shi yaren da inji zai iya gudanarwa. Aikin mataki-mataki ne. Da farko takan yanka rubutun zuwa guntaye da ake kira tokin: suna, lamba, alamar tarawa, baka. Sai ta duba ko jerin guntayen ya bi nahawun yaren, ta gina bishiya da ke nuna wane yanki ne ke cikin wane. Daga nan ta bi bishiyar ta gano kowane suna na mene ne, ta tantance nau'in kowane lissafi (lamba ce yake bayarwa ko rubutu, misali), ta sauke komai zuwa wani yaren tsakiya, ta tace shi, sannan ta fitar da yaren inji.

Kompaila ta girmi tsarin obijek. Ta FORTRAN, wadda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a IBM a 1957, ba ta san aji ba balle gado. GCC da Richard Stallman ya fitar a 1987 da C aka rubuta ta, sai a sigar 4.8 ta 2013 ginin ta ya koma buƙatar C++. To amma bishiyar nan cike take da gaɓoɓi iri-iri, waɗanda suka yi tarayya a wasu abubuwa suka bambanta a wasu, kuma irin wannan yanayi ne aka ƙirƙiri gado dominsa. Shi ya sa kompailoli irin javac ta Java, da Clang ta C da C++, da Roslyn ta C# duk suka bi wannan hanya.

Me ake nufi da aji, obijek, metod da gado a nan?

Aji tsari ne da ke faɗin irin bayanan da abu zai riƙe da ayyukan da zai iya yi. Obijek shi ne ainihin abin da aka ƙera da wannan tsari. Metod aiki ne da ke manne da aji. Gado kuwa shi ne a ce wani aji ya ɗauki duk abin da ajin uwa yake da shi, ya ƙara nasa, ko ya sake wa wani metod hali. A kompaila, ajin `Lamba` guda ɗaya ne, amma kowace lamba da ta bayyana a shirin mutum obijek ce mai zaman kanta.

Waɗannan tunane-tunane daga Simula 67 suka fito, yaren da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka gina a Oslo ta ƙasar Nowe. Daga can Bjarne Stroustrup ya ɗauko su a 1979 ya ɗora wa C, abin da daga baya ya zama C++.

Yaya zan tsara azuzuwan bishiyata?

Ɗauki layi guda ka zana shi a takarda kafin ka taɓa kwamfuta. Misali `kudi = farashi * 3 + 200`. Tushen bishiyar sanyawa ce: hagunta sunan `kudi`, damanta lissafin tarawa. Tarawar nan tana da 'ya'ya biyu, lambar 200 a dama, ninkawa a hagu. Ninkawar kuma tana riƙe da sunan `farashi` da lambar 3. Ka lura ninkawa ta fi zurfi a bishiyar, domin ita ake fara yi. Idan kana da Python a kusa, rubuta `ast.dump(ast.parse("kudi = farashi * 3 + 200"))` ka gani da idonka: `Module` a sama a matsayin lulluɓin shirin, `Assign` a cikinsa, `BinOp` biyu ɗaya cikin ɗaya, sai `Name` da `Constant` a matsayin ganyaye.

Daga zanen ne azuzuwan za su fito da kansu. Gida biyu ake fara yi. Akwai `Furuci`, wato duk abin da ke ba da ƙima: `Lamba`, `Suna`, `Lissafi`, `Kira`. Akwai `Umarni`, wato abin da ake aikatawa: `Sanyawa`, `Idan`, `Muddin`, `Mayar`. Kada ka yi wa kowace alamar lissafi aji nata. `Lissafi` guda ɗaya mai riƙe da alama da hagu da dama ya wadatar, haka javac ta yi da `JCBinary`, haka Clang ta yi da `BinaryOperator`. Tarawa da ɗebewa siffarsu ɗaya ce, bambancinsu yana cikin abin da ake yi da su.

Abu guda da ba na yafewa: kowace gaɓa ta riƙe layi da gurbin da ta fito a rubutun asali, tun ranar farko. Wanda ya bar wannan sai daga baya zai ga kompailarsa tana cewa "an yi kuskure" ba tare da ta iya nuna wurin ba, kuma cusa shi bayan an yi nisa aiki ne mai cin rai.

Baka-biyu da waƙafi fa, su ma suna shiga bishiya?

Galibi ba sa shiga. Aikin baka-biyu a `(2 + 3) * 4` shi ne sauya siffar bishiya, da zarar ya yi haka ya gama. Sai dai idan kayan aikin da kake ginawa zai sake rubuta shirin mutum ya mayar masa, kamar mai gyara tsarin rubutu, to dole ka adana komai. Roslyn, kompailar C#, tana riƙe kowane fili da kowane sharhi, har za a iya dawo da rubutun asali daga bishiyar harafi da harafi.

Malam, ina zan sa aikin tantancewa da fassarawa? A cikin gaɓoɓin ko a waje?

Wannan ce uwar tambayoyin, sauran kusan duk rassanta ne. Abin da darasin tsarin obijek ya koya maka shi ne bayani da aikinsa su zauna tare. Don haka hannunka zai kai ga rubuta `tantance()` da `buga()` da `fassara()` a cikin `Furuci`, kowane magaji ya cika nasa. Ga ƙaramin kalkuleta wannan daidai ne, `lissafa()` a kowace gaɓa, layi talatin ka gama. Akwai ma manyan ayyuka da suka ginu a kan haka da gangan: a Truffle, kayan gina yarukan kwamfuta na GraalVM, kowace gaɓa tana da metod ɗin gudanar da kanta.

Ni ma ta nan na fara, kuma na ɗanɗana kuɗata. Na gina ƙaramin yare mai fitar da C, na zuba komai a cikin gaɓoɓi. Da farko abin gwanin sha'awa. Da tafiya ta yi nisa sai ajin `Idan` ya zama yana sane da rajistar sunaye (inda ake adana sunayen da aka ayyana a shiri), da dokokin nau'i, da yadda ake raɗa wa alamomin tsalle suna, da yadda ake buga saƙon kuskure. Ranar da na so ƙara fitarwa ta biyu, zuwa wani ƙaramin inji na gwaji, sai da na buɗe kowane fayil na bishiyar ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne mai tantance nau'i ba shi da gida: yana warwatse a azuzuwa barkatai, ba inda zan buɗe in karanta shi daga farko zuwa ƙarshe in ga ko dokokinsa sun dace da juna.

Hukuncina ke nan tun daga lokacin: gaɓoɓi su riƙe siffa kawai, kowane zagaye na aiki, wato bin bishiyar sau ɗaya don yin aiki guda, ya samu ajinsa a waje. Dalili kuwa, zagaye yana da nasa kaya da yake ɗauke da su yayin tafiya. Mai tantancewa yana riƙe da farfajiyar da yake ciki, wato yankin shirin da sunaye ke aiki a cikinsa, da nau'in da aikin yanzu ya yi alkawarin mayarwa. Mai fitar da kod yana riƙe da jerin umarnin da ya riga ya rubuta. Waɗannan kaya ba na gaɓa ba ne. Hanyar da aka saba bi wajen fitar da aikin waje ita ce tsarin maziyarci, wanda ke tafe a amsa ta gaba.

Yaya tsarin maziyarci yake aiki, kuma me ya sa sai an yi kira sau biyu?

Kana yin yarjejeniya guda, a ce `Maziyarci`, mai metod ɗaya ga kowane irin gaɓa: `ziyarciLamba`, `ziyarciSuna`, `ziyarciLissafi`, haka dai. Kowace gaɓa kuma tana da metod ɗaya tak, `karbi(m)`. A cikin `Lamba` abin da ke ciki shi ne `return m.ziyarciLamba(this);`, a cikin `Suna` kuma `return m.ziyarciSuna(this);`, inda `this` ke nufin obijek ɗin da aka kira metod ɗinsa. Shi ke nan. Mai tantance nau'i aji ne da ya cika yarjejeniyar, mai buga bishiya wani ajin, mai fitar da kod wani.

Dalilin kira biyun yana cikin yadda Java da C++ suke zaɓen metod. Suna duba ainihin ajin obijek ɗin da ke gaban ɗigo lokacin da shiri ke gudu, amma abin da aka miƙa a cikin baka ana yanke hukuncinsa ne tun lokacin fassara, bisa nau'in da aka rubuta. Idan kana riƙe da `Furuci f` ka ce `m.ziyarci(f)`, Java ba za ta leƙa ta ga ashe `Lamba` ce ba. Amma `f.karbi(m)` zai kai ka cikin `Lamba`, a can kuma an san ko wace ce `this`, sai kira na biyu ya kai ka ga maziyarcin da ya dace. Kira na farko ya gano gaɓa, na biyu ya gano aiki. Littafin Design Patterns na 1994, na Gamma da Helm da Johnson da Vlissides, da misalin kompaila ya gabatar da wannan tsari.

Idan kana son ganin sa a aikin gaske, buɗe javac. `Attr` mai tantance nau'i, `Lower` mai sauƙaƙa siffofi masu rikitarwa, `Gen` mai fitar da kod, duk maziyarta ne a kan `JCTree`. Akwai kuma `TreeScanner`, wanda aikinsa kawai ya sauka cikin 'ya'yan kowace gaɓa, kai kuma ka gaje shi ka sauya wuraren da suka dame ka. A nan akwai rami da kusan kowa ke faɗawa: ka sauya `ziyarciLissafi`, ka manta ka tura maziyarcin ga hagu da dama. Babu saƙon kuskure, kawai duk abin da ke ƙarƙashin lissafi ba a taɓa duba shi ba.

Na ƙara sabuwar gaɓa, yanzu dole in gyara kowane maziyarci. Na yi kuskure ne?

Ba ka yi ba, farashin tsarin ke nan. Ka ɗauki aikin kamar jadawali: gaɓoɓi a jere daga sama zuwa ƙasa, ayyuka a jere daga hagu zuwa dama, kowane gurbi sai an cika shi. Idan ayyuka suna cikin gaɓoɓi, ƙara gaɓa fayil ɗaya ne, ƙara aiki kuwa taɓa kowa ne. Da maziyarci abin ya juye. Philip Wadler ne ya raɗa wa wannan matsala suna a 1998, matsalar furuci, kuma har yau duk mafitar da ta ba da sauƙi ta ɓangarorin biyu tana zuwa da nata nauyi.

Abin tambaya shi ne wane ɓangare ya fi motsi a aikinka. A kompaila nahawu yana daɗewa bai sauya ba, zagayen aiki kuwa kullum ƙaruwa suke: sabon gargaɗi, sabuwar tacewa, sabon inji. Shi ya sa maziyarci ya fi dacewa. Kuma jajayen layukan da suka cika maka allo bayan ka ƙara gaɓa taimako ne, suna nuna maka duk inda ya rage. Kada ka rufe musu baki ta hanyar ba kowane metod na yarjejeniyar jiki marar komai.

Yarukan gidan ML, irin OCaml, da kuma Rust, ba sa buƙatar `karbi`, domin suna iya duba siffar gaɓa kai tsaye, kompailarsu kuma ta yi ƙorafi in an tsallake wata. Java ma ta iso nan: sigar 17 ta 2021 ta kawo azuzuwan `sealed`, masu ƙayyade waɗanda za su gaje su, sigar 21 ta 2023 kuma ta ba `switch` ikon rarrabe su tare da tabbatar da ba a bar ko ɗaya ba. Da yau zan fara sabon aiki da Java, wannan zan ɗauka. Sharaɗi ɗaya: kada ka sa `default`, domin shi ma rufe baki ne.

Dole ne duk gaɓoɓi su gaji uwa ɗaya? Kuma zurfin gado nawa ya dace?

Ba dole ba ne. A Clang, `Decl` da `Stmt` da `Type` gidaje uku ne da ba su haɗa kaka ba. A javac kuwa kowa ɗan `JCTree` ne. Duka biyun suna aiki. Ga ƙaramin yare, hawa biyu ko uku sun isa: uwa, sai `Furuci` da `Umarni`, sai ainihin gaɓoɓi.

Inda ake ɓata shi ne yin gado don rowar rubutu. Na sha ganin ɗalibi ya sa `Muddin` ya gaji `Idan`, wai tunda dukansu suna da sharaɗi da jiki. Ranar da wani zagaye ya tambaya "wannan `Idan` ce?", sai `Muddin`, wanda madauki ne mai maimaita jikinsa, ya amsa da e, a fassara shi a matsayin abin da ke gudu sau ɗaya. Ƙa'idar da Barbara Liskov ta bayyana a 1987 ita ce ma'auni: magaji ya iya tsayawa duk inda uwa za ta tsaya ba tare da shiri ya lalace ba. `Muddin` ba zai iya tsayawa a gurbin `Idan` ba. Kamannin kaya ba ya sa a zama dangi, gara ka maimaita filaye biyun.

An ce mana amfani da `instanceof`, mai tambayar ko obijek ɗan wani aji ne, alamar mummunan tsari ce. Haka ne a kompaila?

A manhajar ofis ko ta kasuwanci wannan gargaɗi yana da amfani. A kompaila kuwa tambayar "wace irin gaɓa ce wannan?" ita ce rabin aikin. Ka ce kana son mayar da `x * 1` ya koma `x`. Kana cikin `ziyarciLissafi`, kana buƙatar sanin ko ɗan dama `Lamba` ce kuma ƙimarta 1. Gina sabon maziyarci don wannan tambaya guda wahalar da kai ce.

LLVM, tarin kayan gina kompaila wadda Chris Lattner da Vikram Adve suka faro a Jami'ar Illinois a shekarar 2000, ta gina nata kayan tambayar: `isa`, `cast` da `dyn_cast`. Kowane obijek yana ɗauke da ƙaramar lamba mai nuna irinsa, kowane aji kuma yana da `classof` da ke duba lambar. Ana jera lambobin yadda 'ya'yan uwa ɗaya za su zo a jere, don haka tambayar ta zama kwatanta lamba kawai. Kompailar TypeScript ma da alamar `SyntaxKind` da `switch` take rarrabe gaɓoɓinta. Ƙa'idata: maziyarci ko `switch` cikakke idan za a bi kowace gaɓa, tambaya kai tsaye idan siffa ɗaya ake farauta.

Mene ne bambancin gaɓar suna da rajistar sunaye?

Gaɓar `Suna` ambato ce, wuri ne a rubutu inda aka kira wani abu. Shi abin da aka kira obijek ne daban, mai riƙe da nau'insa da inda aka ayyana shi. Idan `farashi` ya bayyana sau goma, gaɓoɓi goma ne, amma dukansu suna nuni ga obijek guda. A javac ana kiran waɗannan `VarSymbol`, `MethodSymbol` da `ClassSymbol`. Haɗa su biyun a aji ɗaya kuskure ne da ke bayyana ranar da sunaye biyu iri ɗaya suka haɗu a shiri.

Farfajiya kuwa ƙaramin aji ne mai jadawalin sunaye da manuni, wato adireshin wani obijek, zuwa farfajiyar da ta kewaye ta. Neman suna kamar kiran Audu ne a gida: in akwai Audu a ɗakin shi zai amsa, in babu a leƙa tsakar gida, in babu a fita zaure. An kai waje ba a samu ba, sai a ce ba a ayyana sunan ba. Idan yarenka ya yarda a kira aiki kafin a rubuta shi a ƙasa, zagaye biyu kake buƙata, na farko ya shigar da sunaye, na biyu ya duba jikin ayyuka. Shi ya sa a javac `Enter` ke gudana kafin `Attr`.

Nau'o'i ma azuzuwa zan yi musu?

E, gida na daban da ba ya cikin bishiya: nau'in lamba, nau'in jeri mai riƙe da nau'in abin da ke cikinsa, nau'in aiki mai riƙe da abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa. Matsalar da za ka fara cin karo da ita ita ce kwatantawa. "Jerin lambobi" da aka ƙera a layi na 5 da wanda aka ƙera a layi na 90 obijek biyu ne, amma nau'i ɗaya. Ko dai ka rubuta `equals` da kyau, ko ka bi hanyar Clang, inda `ASTContext` ke tabbatar da kowane ainihin nau'i sau ɗaya aka ƙera shi, kwatantawa ta zama duba manuni biyu.

Ka kuma yi wani nau'i na musamman, nau'in kuskure, wanda ya dace da kowa. Idan ba a san `farashi` ba, a faɗa sau ɗaya, a ba shi wannan nau'i, ninkawa da tarawa da sanyawa su wuce shiru. In ba haka ba harafi ɗaya da mutum ya ɓata zai jawo masa saƙonni huɗu, uku daga ciki na ƙarya.

In riƙa sauya bishiya a inda take, ko in gina sabuwa a kowane zagaye?

javac tana sauyawa: gaɓa tana fitowa da filin nau'i babu komai, `Attr` ya zo ya cika. Yana da sauri da sauƙin rubutu, amma obijek ɗaya yana da hali daban kafin zagaye da bayansa, kuma mai karanta filin da wuri zai tarar da wofi. Ga kompailar da ke gudu sau ɗaya ta fita, ana iya zama da wannan.

Roslyn, wadda Microsoft ta buɗe kod ɗinta a 2014, tana da wata buƙata: tana aiki a cikin edita, mutum yana bugawa tana sake dubawa. Sai aka yi bishiya biyu, ana kiran ɗaya koriya, ɗayar kuma ja. Koriya ba ta taɓa sauyawa, gaɓoɓinta ba su san uwarsu ba, ba su san matsayinsu a fayil ba, faɗinsu kawai suka sani. Saboda haka in aka gyara layi guda, gaɓoɓin da ke kan hanyar zuwa tushe kaɗai ake sake ƙerawa, sauran a sake amfani da su. Ja kuma lulluɓi ce a kan koriyar, ana ƙera ta lokacin da aka nema, ita ke ba da uwa da matsayi. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma ɗalibi ba ya buƙatarsa. Shawarata: bar siffar bishiya ba ta sauyawa, ka ajiye nau'i da sunaye a jadawali na gefe, ko a fili ɗaya da zagaye ɗaya kaɗai ke da izinin cikawa.

Mai gina bishiya fa, kowace dokar nahawu aji za ta zama?

A'a, metod za ta zama. Aji guda mai riƙe da jerin tokin da inda aka tsaya, sai `umarni()` ya kira `furuci()`, shi kuma ya kira na ƙasa da shi, har a kai ga lamba ko suna. Clang da hannu aka rubuta nata a wannan salo, GCC ma ta koma gare shi, ga C++ a 2004, ga C a 2006, domin ya fi ba da damar saƙon kuskure mai ma'ana. Idan ka zaɓi ANTLR na Terence Parr, kayan aikin da ke samar da mai gina bishiya daga nahawun da ka rubuta, zai ƙera maka bishiya da maziyarcinta, amma bishiyar tana bin nahawu sau da ƙafa, cike da hawa marasa amfani. Rubuta maziyarci guda da zai mayar da ita taka bishiyar, irin wadda aka bayyana a amsar tsara azuzuwa, sauran kompailar kada ta san da ANTLR.

Ina tsarin obijek ya fi amfani bayan bishiya?

A iyakar da ke tsakanin yaren tsakiya da injuna. A nan jadawalin da na ambata a amsar matsalar furuci ya juye: tambayoyin sanannu ne, rijista (ƙananan ma'adanan cikin inji) nawa inji yake da su, yaya ake miƙa wa aiki kayansa, amma injuna ne ke ƙaruwa. Wannan shi ne wurin gado na asali. LLVM tana da azuzuwa irin `TargetMachine` da `TargetLowering`, x86 da ARM da RISC-V kowanne ya gaje su ya ba da amsarsa. A yaren tsakiyarta kuma `Instruction` ɗan `User` ne, `User` ɗan `Value`, wato umarni shi ne ƙimar da yake samarwa, kuma kowace ƙima ta san masu amfani da ita. Da wannan ne kira guda, `replaceAllUsesWith`, ke musanya ƙima a duk inda ta bayyana.

Idan yaren da nake ginawa shi kansa yana da aji da gado, yaya zan fassara su zuwa yaren inji?

Inji bai san aji ba, adireshi ya sani. Obijek yanki ne na memori: filayen uwa a farko, na magaji a bayansu. Saboda wannan jeri, kod da aka rubuta don uwa zai tarar da filayenta a inda ya saba ko da magaji aka miƙa masa. Metod kuma aiki ne na yau da kullum da aka ƙara wa `this` a ɓoye. Cfront, kompailar C++ ta farko, C take fitarwa, kuma wannan fassara take yi.

Ga metod da magaji zai iya sauyawa, kowane aji yana samun jadawalin adireshin metod, kowane obijek kuma yana ɗauke da manuni zuwa jadawalin ajinsa, bayit 8 a inji mai bit 64. Kowane metod yana da lambar gurbi da ba ta sauyawa a duk zuriyar. Magaji yana kwafe jadawalin uwa, ya musanya gurbin da ya sauya, ya ƙara sababbi a ƙasa. Kira ya zama: ɗauko jadawali, ɗauko gurbi na kaza, yi tsalle. Gado daga uwa biyu ne ke kawo rikici, domin dole a riƙa gyara adireshin `this`, kuma ina ba ɗalibi shawara ya bar shi. Yarukan da ba a san nau'i sai lokacin gudu suna bin wata dabara da Peter Deutsch da Allan Schiffman suka bayyana a 1984 don Smalltalk: a tuna ajin da aka gani a wannan wurin kira a karon baya, in shi ne ya dawo a yi tsalle kai tsaye. V8, injin JavaScript na Chrome, yana amfani da zuriyar wannan dabara.

Gaskiya ne tsarin obijek yana rage wa kompaila sauri?

Yana iya ragewa, amma ba kiran metod ne babban mai laifi ba, warwatsuwar memori ce. Miliyoyin ƙananan obijek, kowanne a nasa lungu, bin manuni daga wannan zuwa wancan yana sa injin jira. Clang ta rage wannan ta hanyar yanko gaɓoɓi a jere daga babban fili guda, a saki filin gaba ɗaya a ƙarshe. Kompailar Zig ta wuce nan, gaɓoɓinta suna cikin dogayen jeri, ana nuna su da lambar gurbi mai bit 32 maimakon manuni. Waɗannan matsalolin masu fassara miliyoyin layuka ne. Shirin gwajinka mai layi ɗari biyu ba zai ji bambanci ba, don haka auna tukuna kafin ka rushe tsarin da kake iya karantawa.

Daga ina zan fara a wannan makon?

Fara da lambobi da alamomin lissafi huɗu da baka-biyu, kada ka ƙara komai. Rubuta mai yanka tokin, mai gina bishiya, da azuzuwa biyu, `Lamba` da `Lissafi`, kowanne da layi da gurbinsa. Maziyarcinka na farko ya zama mai buga bishiya da baka kewaye da kowane lissafi, domin da shi za ka riƙa ganin abin da ka gina har ƙarshen aikin. Na biyu ya zama mai lissafawa. Sai ka gwada `2 + 3 * 4`, ya ba ka 14. Ka gwada `10 - 3 - 2`: in ya ba ka 9 maimakon 5, bishiyarka ta karkata dama, koma ga `furuci()` ka mayar da wurin da yake kiran kansa ya zama madauki. Ajiye waɗannan gwaje-gwaje a fayil ka riƙa gudanar da su duk lokacin da ka taɓa kod. Sai sun wuce za ka ƙara `Suna` da `Sanyawa`, ranar ce kuma za ka buƙaci farfajiyar da aka bayyana a amsar rajistar sunaye.